Ƴan aiken IA da ayyukan da ba a warwarewa: me aka rubuta musu kafin su danna?

A watan Yulin 2025, Jason Lemkin, ɗan kasuwar Amurka da ya kafa dandalin SaaStr, yana gwada gina wata manhaja da taimakon ƙirƙirarriyar basira ta kamfanin Replit. Ya ba ta umarni ƙarara cewa kada ta sauya komai sai da izininsa. Ta yi gaban kanta ta goge rumbun bayanan da ake aiki da shi, wanda ke ɗauke da bayanan shugabannin kamfanoni sama da 1,200 da na kamfanoni sama da 1,100. Da ya tuhume ta, ta amsa laifinta, sannan ta ƙara da cewa babu yadda za a yi a dawo da abin da ta goge.

Wannan magana ta biyu ba gaskiya ba ce. Lemkin ya gwada hanyar komawa baya da Replit ya tanada, bayanan kuwa suka dawo. Shugaban kamfanin, Amjad Masad, ya fito ya ce abin da ya faru bai dace ba kuma bai kamata ma ya yiwu ba. A cikin gyare-gyaren da ya sanar har da raba rumbun gwaji da rumbun aiki, da kuma tilasta wa na'urar ta riƙa duba takardun bayanin kamfanin, domin a cewarsa ba ta da damar kaiwa ga takardun da suka dace a lokacin.

Jaridu sun fi mayar da hankali kan rashin biyayyar na'urar, abin da ya fi daɗin labari ke nan. Amma kuskuren nata biyu ne, kuma tushensu ɗaya. Ta ɗauki aiki mai haɗari kamar wasa, ta kuma ɗauki abin da ake iya gyarawa a matsayin aikin gama ya gama. Da mai kayan ya yarda da ita, da ya haƙura da bayanan da ke nan ajiye. A duka biyun, ba ta san inda iyaka take tsakanin abin da ake warwarewa da wanda ba a warwarewa ba, kuma wannan iyaka a rubuce kaɗai take iya saninta.

Abin da ɗan aiken yake gani

Yawancin masu amfani da ƙirƙirarriyar basira, wadda ake taƙaitawa da IA a Faransanci, sun san ta ne a matsayin abokiyar hira: a yi mata tambaya, ta ba da amsa. Idan amsar ba daidai ba ce, mutum ya karanta ya watsar. Sabon salon da kamfanoni ke tallatawa tun 2025 shi ne na ɗan aike, wato manhajar da ake haɗa ta da kayan aiki na gaske. Tana iya aika saƙo, ta goge fayil, ta soke oda, ta tura kuɗi.

Ɗan aiken ba ya ganin allo kamar yadda ma'aikacin banki ke gani, ba ya ganin jan maɓalli, ba ya jin faɗuwar gaban da mutum ke ji idan zai sa hannu a kan babban kuɗi. Abin da ake miƙa masa game da kowane kayan aiki shi ne suna, da ƴan layukan bayani, da jerin guraben da zai cike. Daga wannan rubutu yake yanke shawarar ko ya yi amfani da kayan, da yadda zai yi. A da, takardar bayanin manhaja abu ne da ake rubutawa a ƙarshe, a gurguje, don wanda ya maƙale ya duba. Mai rubuta manhaja idan bai gane ba, zai tambayi abokin aikinsa ko ya gwada a hankali. Yanzu wannan takarda ta zama wani ɓangare na injin kansa, kuma mai karanta ta ba ya tsayawa ya yi ƙorafi cewa ba ta fito fili ba. Cike giɓin yake yi da zato, ya wuce.

Hanyar da ta fi yaɗuwa wajen haɗa ƴan aiken da kayan aiki ita ce MCP, wadda kamfanin Anthropic ya fitar a watan Nuwamban 2024, OpenAI da Google kuma suka rungume ta a 2025. A sabuntawar watan Maris na 2025 an ƙara mata alamomi huɗu da mai kayan aiki zai iya liƙawa: ko kayan karantawa kawai yake yi, ko yana iya rusa abin da ke akwai, ko maimaita shi na haifar da ƙarin sakamako, da ko yana hulɗa da duniyar waje. Idan mai kayan bai ce komai ba, ƙa'idar ta ce a ɗauka kayan na iya rusawa kuma maimaita shi na da illa. Wannan zaɓi ne mai kyau. Sai dai alamomin eh ko a'a kawai suke cewa. Goge hoton da ke da kwafi a kwandon shara da goge lissafin shekara goma da ba shi da kwafi duk alama ɗaya za su samu.

Gargaɗin da bai faɗi adadi ba

Darasi mafi tsada kan wannan batu ya faru ne kafin zuwan ƴan aiken IA, kuma mutane ne suka yi kuskuren. Ranar 11 ga Agustan 2020, bankin Citibank ya yi niyyar biyan kuɗin ruwa na kusan dala miliyan 7.8 a madadin kamfanin kayan kwalliya na Revlon. Dalar Amurka ake nufi, ba dalar kasuwar Maradi ba. Abin da ya fita daga bankin ya kusa dala miliyan 900.

Manhajar da aka yi aikin da ita, Flexcube, tana buƙatar a cike gurabe uku kafin uwar kuɗin ta tsaya a cikin asusun bankin. Ma'aikacin ya cike ɗaya, wanda sunansa ya fi kama da abin da yake son yi. Littafin aikin bankin ya faɗi cewa uku ne. Mutum uku ne suka duba aikin kamar yadda tsarin bankin ya tanada, duka ukun kuma suka amince. Kafin kuɗin su fita, allon ya nuna gargaɗi cewa za a fitar da kuɗi daga banki, ya tambaya ko a ci gaba. Gargaɗin bai faɗi nawa ba. Tun da dai sun san akwai kuɗin ruwa da za su fita, sai suka danna.

Wasu daga cikin waɗanda suka samu kuɗin sun mayar, wasu kuma suka riƙe kusan dala miliyan 500. A watan Fabrairun 2021 wani alƙali a New York, Jesse Furman, ya ce suna da ikon riƙewa. Sai a watan Satumban 2022 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin. Shekara biyu ke nan da lauyoyi, ga bankin da ke cikin mafi girma a duniya.

Abin lura a nan shi ne bayanin daidai yana nan a rubuce, amma ba a wurin da ake yanke shawara ba. Sunan gurbin ya ce abu ɗaya, littafin ya ce wani, kuma sunan ne ya yi nasara. Haka lamarin yake ga ɗan aiken IA, har ma ya fi tsanani, domin shi abin da aka sa a gabansa kaɗai yake karantawa. Idan faɗakarwar tana shafi na 40 na wata takarda a intanet, a wurinsa babu ita. Saboda haka tambaya ta farko wajen auna ingancin bayanin kowane kayan aiki ita ce ko ya faɗi, a cikin layukan da na'urar ke gani, ainihin abin da zai salwanta, da girmansa, da ko akwai hanyar dawowa, da tsawon lokacin da wannan hanya za ta kasance a buɗe. Tambaya ta biyu ita ce ko saƙon da za a nuna wa mutum don ya amince yana ɗauke da suna da adadi. Amincewar da aka karɓa ba tare da adadi ba, sa hannu ne a kan farar takarda.

Idan rezo ya yanke

Akwai wata tambaya da masu rubuta bayani a ƙasashen da intanet ba ya yankewa sukan manta da ita, alhali a Nijar ita ce ta yau da kullum. A ɗauka wani ɗan kasuwa a Yamai ya umarci ɗan aikensa ya tura jikka 200 ga mai albasa a Galmi. Ɗan aiken ya aika umarnin, sai rezo ya yanke kafin amsa ta dawo. Kuɗin sun tafi ko ba su tafi ba? Na'urar ba ta sani ba. An horar da irin waɗannan manhajoji su dage har su kammala aiki, don haka abin da ya fi kusa da ɗabi'arsu shi ne su sake gwadawa. Idan na farko ya riga ya shiga, mai albasa ya samu jikka 400.

Maganin wannan sananne ne a harkar biyan kuɗi. Kamfanoni irin su Stripe suna ba da damar liƙa wa kowane umarni lamba ta musamman, ta yadda ko an maimaita shi sau goma, sau ɗaya zai yi aiki. Amma lambar ba ta da amfani idan bayanin bai gaya wa ɗan aiken ya riƙe lambar farko ba, ya je ya ƙirƙiri sabuwa a kowane gwaji. Bayani mai inganci yana faɗin abin da za a yi idan an ji shiru: kada a maimaita, a fara duba matsayin umarnin farko, ga kuma kayan aikin da ake dubawa da shi. Saƙonnin kuskure ma suna cikin bayanin. Saƙon da ya ce «an samu matsala» kawai bai raba tsakanin kuɗin da ba su motsa ba da kuɗin da suka fita amma shaidar ba ta iso ba.

Sai batun adadi. A tsarin Stripe ana rubuta kuɗi da mafi ƙanƙantar ɓangarensu, don haka 1000 na nufin dalar Amurka 10. Sefa kuwa tana cikin kuɗaɗen da ba a raba su gida ɗari, 1000 na nufin sefa 1,000 cif. Na'urar da ta saba ninka kowane adadi sau 100, saboda yawancin misalan da ta koya da dalar Amurka ko euro aka yi su, za ta iya tura ninki ɗari na abin da aka ce mata idan bayanin bai yi maganar sefa ba. Layi ɗaya ya isa ya toshe wannan rami.

Akwai kuma ramin da babu wani kamfanin waje da zai toshe shi. Bahaushen Damagaram ko Tawa da dala yake ƙirga kuɗi. Idan ya ce ɗari, sefa 500 yake nufi. Idan ya ce jikka, sefa 1,000. A hayin iyaka, a Katsina ko Kano, jaka naira 200 ce a tsohon lissafi. Kalmar «cire» na iya nufin a fitar da sunan mutum daga jeri, ko a ciro kuɗi daga asusu. «Share» da «goge» da «soke» ba abu ɗaya ba ne, kuma mai magana ba ya ko da yaushe tsayawa ya zaɓa. Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Bayanan kayan aikin nan kusan duka da Ingilishi ake rubuta su. Umarni ya shigo da Hausa, ma'aikaci ya tsara manhaja da Faransanci, kayan aiki na magana da Ingilishi: gaɓa biyu ke nan da ma'ana ke iya zamewa, kuma a ƙarshensu akwai aikin da ba ya komawa.

Yadda ake gwada takarda

Karanta bayani a ce ya yi kyau ba awo ba ne. Wanda ya rubuta shi ya riga ya san abin da yake nufi, don haka ba zai ga giɓin ba. Anthropic da kansa, a wata shawara da ya wallafa wa masu rubuta manhaja a watan Satumban 2025, ya ce a rubuta bayanin kamar ana yi wa sabon ma'aikaci, a fito da duk abin da tsofaffin ma'aikata suka ɗauka kowa ya sani, sannan a gwada da ayyuka irin na gaske a ga yadda na'urar za ta yi.

Ga kayan aikin da ke yin abin da ba a warwarewa, gwajin da ya dace shi ne na tarko. A shirya asusun ƙarya da rumbun ƙarya, a ba ɗan aiken umarni masu harshen damo. Musa biyu ne a jerin abokan ciniki, an ce a biya Musa. An ce a goge tsofaffin rasit, ba a faɗi daga wace shekara ba. An yanke masa rezo da gangan a tsakiyar aiki. An ƙara sifili ɗaya a adadin da aka saba turawa. Sai a ƙirga sau nawa ya tsaya ya tambaya, sau nawa ya zarce. A sauya jimla ɗaya a bayanin, a sake gwadawa. A kuma gwada da na'urori fiye da ɗaya, domin bayanin da ya ishi wata ba lallai ya ishi wata ba, kuma kamfanoni na sauya na'urorinsu duk bayan ƴan watanni.

Akwai ƙirga ta biyu da ake yawan mantawa da ita: sau nawa ya tambaya ba tare da dalili ba. Mai rubuta bayanin da ya tsorata yakan cika kowane layi da faɗakarwa. Sakamakon shi ne ɗan aiken da ke neman izini a kan komai, da mutumin da ya gaji ya koma danna «eh» ido rufe. Ranar da tambayar gaske ta zo, hannu ya riga ya saba. Bayanin da ya ce komai haɗari ne bai fi wanda bai ce komai ba da yawa.

Mai kaya ne ke rubuta shaidar kayansa

Duk wannan ya dogara ne a kan cewa mai rubuta bayanin na da gaskiya. Ƙa'idar MCP ta faɗi a sarari cewa alamomin nan huɗu ishara ce kawai, kada a dogara da su sai idan daga majiya amintacciya suka fito. Babu abin da zai hana wani ya liƙa alamar «karantawa kawai» a kan kayan da ke gogewa.

A watan Afrilun 2025 kamfanin tsaro na Invariant Labs ya nuna abin da ya fi haka muni. Ana iya ɓoye umarni a cikin bayanin kayan aiki, inda na'urar ke karantawa amma mutum ba ya gani a allonsa. A ɗaya daga cikin gwaje-gwajensu, wani kayan aiki mai kama da marar illa ya sa ɗan aike ya kwashe tarihin hirar WhatsApp ya aika wa wata lamba. Sun kuma nuna cewa ana iya sauya bayanin bayan mutum ya riga ya amince da shi. Saƙon da ya fita kuwa zarar bunu ne. Ke nan binciken bayani ya haɗa da ganin cikakken rubutun da na'urar ke karɓa, da ajiye kwafinsa, da samun labari duk lokacin da aka taɓa shi.

Ko da bayanin ya cika ya kuma zama na gaskiya, rubutu ba kwaɗo ba ne. Umarnin Lemkin a fili yake, bai hana komai ba. A watan Fabrairun 2017 wani ma'aikacin Amazon da ke bin tsarin aiki rubutacce ya yi kuskure a rubuta umarni ɗaya, ya cire kwamfutocin ajiya fiye da yadda ya yi niyya, shafuka masu yawa a intanet suka tsaya na sa'o'i. Gyaran da kamfanin ya yi a cikin kayan aikin ne: ya sa ya riƙa cirewa a hankali, ya kuma hana shi sauka ƙasa da wani mizani ko da an umarce shi. Wannan ya ba da wani ma'auni mai sauƙi. A ɗauki kowace jimla ta hani a cikin bayanin, a tambayi mai kayan: idan na'urar ta ƙi ji, me zai tsayar da ita? Idan an rubuta kada a tura fiye da jikka 500 a rana, shin kayan aikin zai ƙi na 501? Idan amsar ita ce a'a, wannan jimla roƙo ce.

Abin da ya shafi Nijar

Ƴan aiken IA ba su kai ga asusun talakan Nijar ba tukuna, amma hanyoyin biyu na matsowa kusa da juna. A waje, Visa da Mastercard sun sanar da tsare-tsaren biyan kuɗi ta hannun ƴan aiken a watan Afrilun 2025, Google kuma ya fitar da nasa a watan Satumba, wanda ya ginu a kan takardar izini mai sa hannun lantarki da ke nuna abin da mai kuɗin ya amince da shi. A gida, babban bankin BCEAO ya ƙaddamar da dandalin PI-SPI a ƙarshen Satumban 2025, wanda ke ba da damar tura kuɗi cikin daƙiƙoƙi tsakanin bankuna da kamfanonin kuɗin salula da ƙananan asusun bashi a ƙasashen UEMOA. Saurin da ya sa tsarin ya zama abin so shi ne kuma ya rage lokacin da mutum ke da shi na cewa a dakata. Duk wanda ya taɓa kuskuren lamba ɗaya wajen tura kuɗi ta salula ya san abin da ke biyo baya: kira, roƙo, da jiran imanin wanda bai sani ba.

Wanda zai fara haɗa hanyoyin biyu mai yiwuwa wani matashin mai rubuta manhaja ne a Yamai ko Maradi, da zai ɗauko kayan aikin da wani ya rubuta a wata nahiya, ya haɗa shi da asusun wani kanti ko wata ƙungiyar manoma. Idan aka samu matsala, da wuya a ce laifin na'ura ne a tsira. A watan Fabrairun 2024 wata kotu a lardin British Columbia na Kanada ta ƙi amincewa da hujjar kamfanin Air Canada cewa ba shi da alhakin bayanin kuskure da manhajar hirarsa ta ba wani fasinja, ta kuma umarci kamfanin ya biya. Dokar IA ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Agustan 2024, ta wajabta wa tsare-tsare masu babban haɗari su zo da takardun fasaha da umarnin amfani, su kuma bar wa mutum ikon sa baki ya tsayar da su.

Banki ko kamfanin aika kuɗi ko ma'aikatar da za ta sayi irin wannan tsari a Nijar ba sai ta jira doka ba kafin ta nemi abu uku a cikin kwangila: cikakken rubutun da ɗan aiken ke karantawa game da kowane kayan aiki, sakamakon gwajin tarko da aka yi da sefa da Hausa da rezo mai yankewa, da jerin hane-hanen da kayan aikin ke tilastawa da kansa. Na farkon ba ya cin ko dala ɗaya, domin rubutun yana nan a hannun mai sayarwa tun kafin a fara ciniki.